Jami'a na son haɗe filin unguwarmu a Gadarif ta Sudan, me za mu yi?

Ɗan'uwa, ka ce za a kewaye filin da yara ke ƙwallo da bishiyoyin dalbejiya don gina ɗakunan kwanan ɗalibai. Kafin kowa ya ɗaga murya, ku je ofishin rajistar ƙasa ku ciro shahadar bahas ta filin, wato takardar da ke nuna sunan wanda aka yi wa rajistarsa, sannan ku nemi taswirar unguwa a ma'aikatar tsara birane ta jiha. Idan an rubuta shi maidan, wato filin jama'a, sai an sauya masa manufa a hukumance kafin a aza tubali, kuma a nan ƙorafinku zai yi nauyi. Idan babu rajista, tun 1970 dokar Sudan ta mai da irin wannan ƙasa ta gwamnati. "Kakanninmu suka share wurin" kaɗai ba hujjar mallaka ba ce a kotu.

Abin da aka fi mantawa shi ne ruwa. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, ba ta shan ruwa da wuri. Filin nan ne ke riƙe ruwan damina. Aka ɗaga shi aka yi katanga, ruwan zaurukanku zai nufa. Ku nemi a nuna muku magudana a zanen ginin, da inda ƙofar motoci za ta kalla. Ƙorafin ya zama a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimi.