Sifikar da za ta dace da Helix ɗinka

Malam, ka ce ka sayi Line 6 Helix, na'urar nan mai sarrafa sautin gitar lantarki, kana neman sifikar da za ka riƙa fita wasan biki da ita. Nemi mai amfilifaya a cikinta, irin FRFR, wadda ba ta ƙara wa sauti gishiri. Helix ya riga ya kwaikwayi akwatin sifikar gita, in ka jona shi da amfilifayar gita sai sautin ya dushe.

Yamaha DXR10 mai inci 10 ta ishe ka, ga ta da sauƙin ɗorawa a adaidaita sahu. Mai inci 12 ta fi ƙugi, amma kafaɗarka za ta gaya maka.

In za ka Sabon Gari, tafi da gitarka da Helix ɗin da wayar XLR (irin wayar makirufo mai haƙora uku), ka sa su ƙure murya ka ji ko tana karkarwa. Kuma kada ka jona ta a janareton gidan biki ba sitabilaiza.