An sace waya, jerin littattafai ya bi ta

TAMBAYA: Malam, na daɗe ina tura wa kaina sunan duk littafin da na gama karantawa a WhatsApp. An sace wayar, na sayi sabuwa, na tarar babu komai. Da mafita? (Wata mai karatu daga Zariya)

AMSA: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. In kin taɓa kunna ajiyar Google Drive a WhatsApp, ki dawo da layinki, ki goge manhajar ki sake saukewa da tsohuwar lambarki da Gmail ɗin da kika yi ajiyar da shi, za ta tambaye ki ko a maido da tsofaffin saƙonni. Ki hanzarta, domin da zarar sabuwar wayar ta yi tata ajiyar, ta danne tsohuwar ke nan. In kuwa ba ki taɓa kunnawa ba, sai haƙuri.

To amma fisabilillahi, yaushe WhatsApp ya zama rumbu? Wurin hira ne. Kin cusa aikin shekaru tsakanin katin biki da hoton atamfa, sannan kina mamaki. Masu cewa su sun waye, manhajar littattafai suke amfani da ita, su ma kada su yi dariya. Shelfari dandali ne na jera littattafan da mutum ya karanta, Amazon ta rufe shi a 2016. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Kamfani ba ya neman shawararki ranar da zai kulle shago.

Abin da nake yi, kuma nake so kowa ya yi, shi ne amfani da Google Sheets, manhajar Google ta jera bayanai layi-layi da gurbi-gurbi. Shafi ɗaya, layi ɗaya ga kowane littafi: sunansa, marubuci, ranar gamawa, sannan na takarda ne, PDF ne, ko na sauraro. Ki ƙara gurbin "wa na ara wa", don littafin aro ba ya sanin hanyar gida. Ki kunna damar buɗe shi ba tare da data ba. Duk ƙarshen wata ki sauke shi a matsayin CSV ki tura wa imel ɗinki. CSV rubutu ne zalla, kowace kwamfuta tana buɗe shi, kuma ko littafi dubu kika jera bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Saboda haka kada wani ya kawo mini kukan cewa 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta ya cika. Bidiyon kamu da na dina ne suka cika shi.

TAMBAYA: Ina amfani da Goodreads, dandalin jera littattafan da mutum ya karanta, amma ba na samun yawancin littattafan Hausa a ciki. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

AMSA: Ba za ka samu ba. Labarin da ya fito shafi-shafi a Wattpad (dandalin wallafa labarai a intanet) ko a guruf ba shi da ISBN, wato lambar shaida da ake ba littafin da aka buga, ba wanda ya shigar da shi. Hau shafin Goodreads ta burauza, nemi wurin fitar da jerinka, zai ba ka CSV. Zuba shi a Sheets, ka ƙara na Hausa da hannu.

TAMBAYA: Ina sauraron littattafai da daddare, barci ya kwashe ni, da safe ban san inda na tsaya ba.

AMSA: A YouTube akwai agogon da ke tsayar da bidiyo da kansa a cikin saitin bidiyo, sa masa minti 30. In fayil ne a wayar, manhajar Smart AudioBook Player tana tuna inda ka tsaya. Ko kuma ka canza mai karantawa, wataƙila muryarsa ce maganin barcin.

TAMBAYA: Labaran binciken kisa nake so. In rubuta wanda ya yi kisan a jerina?

AMSA: Rubuta, amma a gurbi na ƙarshe, ka ɓoye gurbin. In ba haka ba, ranar da ƙaninka ya leƙa neman abin karantawa ka gama masa da littafi goma a zama ɗaya.