Amsa ga mai tambayar dokokin ajin kiɗa a shago

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka buɗe ajin fiyano da jita a ɗakin bayan shagonka, ɗalibai suna zuwa ran da suka ga dama, kuɗi ba ya fitowa, kuma ba ka san yadda za ku raba da malamai ba. Wallahi kamar da bakina ka yi maganar, duk na gani a nan Kaduna.

Kuɗi tukuna. Kada ka yarda da "zan biya in na zo". Na wata cif, kafin yaro ya ɗora yatsa a kan kibod. In ka bar biyan kullum-kullum, ranar da hadari ya haɗo ba za ka ga kowa ba, alhali malami ya riga ya biya kuɗin keke ya zo ya zauna. Kuma hoton rasit a WhatsApp ba kuɗi ba ne, sai ka ga sun shiga asusunka.

Amma ni ba ɗalibai ne suka fi ƙona min rai ba, malami ne. Yaro ne da aka kawo min shi ko jitar kansa ba shi da ita. A kan kibod ɗin shagona, Yamaha PSR, hannunsa ya faɗa. Makulli na ba shi, tare muke cin abincin rana, da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti ni na tsaya. Sai na ga ajin Asabar yana ta raguwa, in na tambaya ya ce ai jarrabawa ake yi, ai Islamiyya ce ta canza lokaci. Ran nan wata baiwar Allah ta shigo sayen tsirkiyar jita, tana ƙirga canji take ce min, "Oga, sabon wurin nan naku ya yi mana nisa fa." Na ce wane wuri? Ashe ɗaki ya kama, ya kwafe lambobin iyaye daga littafin rajista, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa mun koma can kuma an yi ragi. Da sunana! Da na tare shi ko kunya babu, wai ai shi yaran suke bi, ba shago ba. Kibod ɗin da ya ara zai je biki ma da ƙonanniyar adafta ya dawo min da shi, bai ce uffan ba. Har yau in mun haɗu sai ya rusuna ya ce "Oga, ina wuni", ni kuwa in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Na bar shi da Allah.

Don haka ku rubuta yarjejeniya, da shaida, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kuɗi hannun shago zai shiga, lambobin iyaye a wajenka za su zauna. Ni kashi 60 nake ba malami in riƙe 40, tunda haya da wuta da kayan duk nawa ne, kuma ba na jan ransa ranar biya, don malamin da ake ja wa rai shi ne ke fara neman hanyar gefe.

Fashin darasi kuma: wanda ya sanar tun jiya a rama masa, sau ɗaya a wata. Wanda ya yi shiru, darasinsa ya wuce. Rasuwa da rashin lafiya dai ba a musu a kansu. Wanda ya makara ya yi abin da ya saura na lokacinsa, kada a ci na mai bi masa. In wuta ce aka ɗauke, wannan naka ne, ba na ɗalibi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfina, sai na sa ɗan sola da batir, kibod ba ya shan wuta sosai.

Ka faɗa musu tun ranar rajista yadda za a yi da azumi, don yawancin ɗalibanka Musulmi za su dakata da zuwa. Disamba kuma malamai ne ke ɓacewa, ga biki ga hidimar coci. 'Yan mata, ƙofa a buɗe, wa ko uwa na zaune, a tashi kafin magariba. Da an kira sallah a kashe sifika, maƙwabta ba za su zo su gaya maka ba, wajen mai gidan haya za su kai ƙara. Aron kaya zuwa gida kuwa, a'a kawai.

Iyayen da ke son yaro ya buga waƙar biki cikin wata guda fa? Waɗannan sai haƙuri, wani ma tambayarka zai yi yaushe ɗansa zai fara fita a YouTube.

Malaman naka nawa ne, kuma akwai ɗan'uwa a cikinsu? In akwai, yi min magana ta gefe, wannan zancensa daban ne.