Ina za a sa kayan a keken jariri? Amsa ga ɗan'uwanmu mai zane

Salamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kana zana keken tura jariri wanda uwa ko uba za su iya loda wa kayan cefane da sauran tarkacen gida, kuma kana tsakanin abu uku: ka ƙara girman kwandon ƙasa, ko ka sa ƙugiyoyi a jikin mariƙi don rataye jakunkuna, ko ka maƙala akwati a bayan kujera. Ni aikina gyaran kekuna ne, na hawa da na jarirai, kuma nawa 'ya'yan a irin wannan keke muka yi ta tura su muna dawowa da kaya, domin ba mu da mota a lokacin. Don haka zan faɗa maka abin da na gani a hanya da abin da ake kawo mini a karye.

Ƙugiya a mariƙi, cire ta daga zanenka tun yanzu. Na san ita ce ta fi sauƙin yi, na kuma san iyaye suna son ta, amma ita ce babbar hanyar da keke ke kifewa ta baya. Ka ɗauki sandar da ta haɗa tayoyin baya a matsayin tsakiyar sikeli. Duk abin da ke gabanta yana danne keken a ƙasa, duk abin da ke bayanta yana neman ɗaga gaban keken sama, kuma mariƙi a bayanta yake. Bari in ba ka lissafi na misali, kai ka sa naka alƙaluman daga baya. A ce keken kilo 8 ne, tsakiyar nauyinsa tana santimita 20 gaban sandar, ka ninka nauyin da tazarar, 8 sau 20, ka sami 160. Yaro mai kilo 10 yana zaune santimita 15 gaban sandar, ka sami 150. Jimla 310. Jakar da aka rataye santimita 30 bayan sandar sai ta haura kilo 10 kafin ta rinjaye su. To yanzu yaro ya yi kuka, uwa ta ciro shi. Saura 160 kawai, kuma jaka mai kilo 6 ta isa ta kayar da keken nan take. Wannan ma da sauƙi, tunda yaron yana hannu. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne lokacin da aka kwantar da bayan kujera don yaro ya yi barci: nauyin kansa da ƙirjinsa ya koma baya, kusa da sandar ko ma ya wuce ta, ga jaka a rataye, ga ɗan tudu a gaba. Keken da ya tsaya daram a cikin ɗaki sai ya tafi da baya, kuma ƙeyar yaron ce ke fara isa ƙasa. Akwatin bayan kujera ma matsalarsa ke nan, sai dai idan ka matsar da tayoyin baya har akwatin ya zauna a kansu ko a gabansu.

Saboda haka kaya masu nauyi wurinsu ɗaya ne: ƙasa, tsakanin tayoyi huɗu, kusa da na baya amma a gabansu. Idan ka sa nauyi a nan, keken ma ƙara zama yake yi. Na sha lura cewa keke mai kaya a kwandon ƙasa ya fi wanda babu komai a ciki tsayuwa idan iska ta taso.

Sai dai kada ka tsaya a girman kwando. Yawancin kwandunan da nake gani suna da faɗi a ido, amma ba su da amfani, kuma dalili uku ne ke jawo haka. Na farko, ƙasansu yadi ne kawai. Ka sa robar ruwa mai lita 5, wato kilo 5, sai yadin ya lotsa ya zama aljihu, ya riƙa jan ƙasa, ya kankare a bakin titi har ya huje. Na taɓa juya wani keke a kan teburin aiki na ga ƙasan kwandon ya yi baƙi ya siɗe kamar an goga masa dutse, ɗinkin kusurwa biyu ya ɓalle, mai shi ta ɗaure da igiyar takalmi. Kwando yana bukatar ƙasa mai tauri, farantin roba ko siririn alminiyum, wanda zai zauna a kan ƙarfen keken kai tsaye, yadi ya zama bango kawai. Ka kuma bar tazara tsakaninsa da ƙasa, ka auna ta bayan ka loda kaya, domin awon kwandon da babu komai yaudara ce.

Na biyu, ƙofar shiga. Wannan shi ne abin da masu zane suka fi mantawa, ina jin don ba su taɓa tsugunawa a bakin kanti da jaka a hannu ɗaya ba, yaro yana barci, kujera a kwance ta rufe bakin kwandon ruf. Ko dai ka tashe shi, ko ka riƙa cusa kaya ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar kafa a gefe. Ka zana kwandon yadda za a iya shigar da jaka guda cikakkiya ko kujera tana kwance: bangon baya mai sauka da sifirin ko maɗauri, ko buɗewa ta gaba a ƙarƙashin matakin ƙafa, ko ka ɗaga kujerar sama kaɗan. Idan ka ɗaga ta, ka tuna ka ɗaga nauyin yaro ke nan, sai ka rama da faɗin tayoyi.

Na uku ya samo asali ne daga tarihin keken kansa. A 1965 Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama a Ingila, ya fito da keke mai naɗewa kamar lema, da bututun alminiyum, nauyinsa kusan kilo 3. Babban ci gaba ne ga mai hawa bas ko matakala, kuma har yau ana bin tsarinsa. Amma ƙarafan da suka gitta juna a baya da ƙasa, waɗanda su ne ke ba shi damar tsukewa, su ne suka tare daidai wurin da kaya za su shiga. Don haka idan kaya kake so, wannan salon naɗewa ba naka ba ne. Ka nemi wanda ke ninkewa gaba da baya, ya bar tsakiya a buɗe. Ka kuma bar wa mai turawa wurin jefa ƙafa. Idan kwando ko sandar baya suka fito da yawa, dogon mutum zai yi ta buga ƙaurinsa, daga nan ya koma tafiya a karkace.

Akwai bambancin da nake so ka riƙe, tsakanin nauyi da cika wuri. Ƙunshin famfas da takardar goge-goge da bargo suna cin wuri amma ba su da nauyi. Ruwa da sabulun wanki na ruwa da gwangwanaye ƙanana ne amma su ne ke karya keke. Wuri ɗaya ba zai yi wa duka biyun daidai ba. Masu nauyin su tafi ƙasa, masu cika wurin ka nema musu wani gurbi, ko raga mai miƙewa a saman kwandon, ko kwando a gefen kujera. Kamfanin Bugaboo ya yi haka a kekensa mai suna Donkey, kwando yana zaune kusa da yaro a kan firam ɗaya, faɗin keken santimita 60, idan aka buɗe shi don yara biyu ya kai 74. Dabarar tana da kyau domin hannu yana kaiwa ba sai an sunkuya ba, sai dai nauyi a gefe ɗaya yana sa keke ya riƙa ja zuwa can, musamman a hanyar da ta karkata, don haka kayan marasa nauyi ne suka dace da wurin. Idan kana son ka san inda kasuwa ta kai, kwandunan ƙananan kekuna da yawa kilo 2 zuwa 5 aka rubuta musu, na keken Vista na kamfanin UPPAbaby kuwa kusan kilo 13 da rabi. Wannan babban keke ne mai nauyi, kuma ba a banza ya yi nauyin ba.

Nan ne maganar ta dawo kan abin da nake gani kullum a wurin aiki. Idan ka ƙara kilo 15 na kaya a kan yaro mai kilo 15, ba kwando kaɗai ka canza ba, keken gaba ɗaya ka canza. Abin da ke fara mutuwa shi ne ƙananan tayoyin gaba masu juyawa. Sandarsu tana lanƙwashewa, ramin robar da take juyawa a ciki ya buɗe, tayar ta fara kaɗawa tana kakkarwa idan an yi sauri. Bayan su sai gaɓar naɗewa, domin duk lokacin da aka danna mariƙi don ɗaga gaba a hau dakalin titi, nauyin duka ta cikinta yake bi. Ka sa boris na gaske a tayoyi, kada ka bar roba tana cin ƙarfe. Ka sa manyan tayoyi a baya, na gaba ma kada su yi ƙanƙanta, kuma a iya kulle su su daina juyawa a hanya mai gargada. A gaɓoɓi ka yi amfani da noti da za a iya kwancewa a sauya, domin wanda aka dasa da ƙusa ta dindindin idan ya yi sako-sako sai dai a huda shi, kuma mutane da yawa jefar da keken suke yi. Yana ba ni takaici in ga keke mai lafiyayyen ƙarfe a bola saboda roba guda da ba ta kai tafin hannu ba. Ka rufe gaɓar kuma yadda yatsa ba zai shiga ba. A 2009 an janye kekunan Maclaren kusan miliyan ɗaya a Amurka saboda gaɓar naɗewa tana datse kan yatsun yara, kuma wannan kamfani ne da ya daɗe a sana'ar.

Kada ka tura kayan gaba sosai don gudun kifewa. Idan nauyi ya taru a kan tayoyin gaba, juya keken zai zama aiki, ɗaga shi a bakin titi kuma sai an hau mariƙin da ƙarfi. Mace da ba ta daɗe da haihuwa ba ita ce za ta fi jin wannan a bayanta da wuyan hannunta.

Birki kuma. Keke da yaro da kaya za su iya haura kilo 40, kuma a gangara wannan nauyin jan mutum yake yi. Birkin ajiyewa ya kama tayoyin baya duka biyu da taku ɗaya, ya kasance ana iya sakinsa ko da silifa a ƙafa. Ni da zan yi irin wannan keke, sai na ƙara birkin hannu na rage gudu irin na keken hawa, da igiyar da ake saƙalawa a wuyan hannu.

Faɗi da naɗewa ba sai na ja su ba. Ka auna ƙofofi da lifta da hanyar cikin bas na inda kake sa ran za a yi amfani da shi, ka tsaya ƙasa da mafi ƙanƙantarsu. Abu ɗaya dai da zan roƙe ka: kwandon ya zama mai cirewa, da hannayen ɗauka. Wanda ya iso gindin bene da yaro da kaya da keke yana da abu uku da hannu biyu. Idan kwandon yana zarewa da kayansa kamar jaka, an rage masa rabin wahala, kuma keken zai naɗe ba sai an zazzage komai a ƙasa ba.

Yanzu yaron kansa, wanda saboda shi ake duk wannan. Tsakaninsa da kaya a sami shamaki. Yaro mai wata goma hannunsa yana kaiwa inda ba ka zata ba, kuma cikin kayan gida akwai leda da maganin wanki da abubuwa masu kaifi, don haka kwandon gefe ko na ƙarƙashin ƙafa ya sami murfi mai zif. Kada ka yi rumfa mai faɗi da tauri wadda za ta ja hankalin mutane su ɗora kaya a kai. Kada kaya su toshe ragar da iska ke shiga ta bayan kujera, domin cikin keke yana ɗaukar zafi da sauri. Bel ɗin ɗaure yaro ya zama mai maɗauri biyar, kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Jaririn da bai kai kusan wata 6 ba yana bukatar kwanciya a miƙe, to ka tabbata wurin kaya bai cinye wurin da kujerar za ta sauka ba. Ka kuma sa a ranka cewa duk babban kwando, wata rana yayan jaririn zai gaji da tafiya ya nemi shiga ciki ko ya taka bakinsa. Ko dai ka yi masa matakin tsayawa na gaskiya a kan sandar baya, ko ka yi bakin kwandon yadda ba zai taku ba.

Idan sayarwa za ka yi, akwai ƙa'idojin da za ka nema ka karanta. A Turai EN 1888 ne, kashi na farko na yara har kilo 15, na biyu har kilo 22. A Amurka ASTM F833 ne, wanda ya zama dole tun 2015. Suna gwada tsayuwar keke a kan gangara, da riƙon birki, da ƙarfin bel, da wuraren da yatsa ko kai zai iya maƙalewa. Kilo nawa kwandonka ke ɗauka, ka rubuta shi da manyan lambobi a jikin kwandon inda ido zai gani, domin takardar cikin kwali ba ta kwana biyu a gida.

Kafin ka kai ga ɗakin gwaji, ka yi naka. Ka cika buhu da yashi daidai nauyin yaro, ka ɗaure shi a kujera, ka loda kwandon iya abin da ka rubuta har da ƙari. Ka ɗora keken a kan katakon da ka karkata kamar digiri 12, ka juya shi ya fuskanci sama, ƙasa, da kowane gefe, kujera a zaune da kuma a kwance. Sannan ka cire buhun yashin ka bar kayan, ka sake duka. Bayan haka ka rataye jaka mai kilo 5 a mariƙi, duk da ba ka sa ƙugiya ba, domin masu saye za su rataya ko ka hana, kuma gara ka san abin da zai faru. Idan ka yi wannan, ka turo mana tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, da inda kujera da mariƙi suka faɗo a kan sandar baya, sai mu duba lissafin tare. Allah ya taimaka.