Tambaya da Amsa: Kwana Biyu a Ƙauyen Ingila Lokacin Hunturu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Jidda, a nan aka haifi yaranmu biyu. A watan Disamba maigida zai je taro Landan, zai tafi da mu, kuma za mu samu rarar kwana biyu. Burina yara su ga ƙauyen Turawa da dusar ƙanƙara. Ina za mu nufa? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki yi wa yara alkawarin dusar ƙanƙara tukuna. A kudancin Ingila yayyafi da hazo da taɓo sun fi yawa a Disamba.

Ku nufi yankin Cotswolds. Daga tashar Paddington a Landan jirgin ƙasa zai kai ku Moreton-in-Marsh cikin kimanin awa ɗaya da rabi, daga nan sai tasi. Ni Bourton-on-the-Water na zaɓa lokacin da na je da ƴata, kuma nan zan sake zaɓa. Rafin Windrush ya ratsa tsakiyar garin, ga ƙananan gadoji na dutse, gidajen duk launin zuma. Da bazara baƙi kan cika wurin maƙil, amma da hunturu sai ki ji motsin ruwa da kukan agwagi.

Ki riƙe wannan sosai: yinin can gajere ne. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 na yamma ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke wucewa. Wanda ya saba da Jidda, inda ake fita yawo bakin teku bayan Isha'i, zai sha mamaki. Don haka ku kama gida ɗaya mai murhu da ɗakin girki, ku zauna a ciki duka kwanakin. Da safe ku zaga da ƙafa, da yamma ku dawo ku ɗora shayi. Ranar da muka yi kwaɗayin ganin ƙauyuka uku, a cikin mota duhu ya same mu, yarinya na kukan sanyi. Idan kuna son ƙari, ƙauyen Bibury ya ishe ku, ku ga jerin gidajen Arlington Row, waɗanda aka gina wajen 1380 don ajiyar ulu.

Naman halal kuwa ku sayo tun daga Landan, har da ɗan yajinki. Gidajen abinci masu murhun nan da ake gani a hoto yawancinsu mashaya ne. Idan za ku ci soyayyen kifi da dankali, ki tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya, domin wasu na yin haka.

Sanyi kan sauka kusa da digiri 0 da dare, abayar Jidda ba za ta tare shi ba. Ki tanadi rigar ulu ta ciki, safa mai kauri da takalmin da ruwa ba ya ratsawa. Ranar Lahadi bas kan yi ƙaranci a ƙauyuka, 25 ga Disamba kuma kusan ko'ina a rufe yake.

In fasfonku na Najeriya ne, iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ba ta ɗauke muku neman bizar Birtaniya ba, ku fara tun yanzu. Allah ya kai ku lafiya, a gaida yara.