Kwale-kwale mai inji na hannu: me zan duba kafin in biya?

Malam, tunda a kogin Isa za ka yi aiki nan Yamai, injin shi ne rabin kuɗin. Ka je da sassafe, ka taɓa shi da sanyinsa kafin a tayar, don wasu masu sayarwa sukan ɗumama shi tun kafin ka iso. In ya tashi, dubi ruwan da yake tsartuwa ta baya. In babu ƙarfi, yashi ya cinye famfon ruwan da ke sanyaya injin, abin da ke yawan faruwa lokacin da kogi ya janye. Sa makanike ya kwance man giya na ƙasa: in ya yi fari kamar nono, ruwa na shiga. Ni dai injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 zan ɗauka. Yana shan mai, amma kayan gyaransa ba sa wuyar samu.