Ka bar ta ta tafi, amma kada ta yarda a bar ta da bik

Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka. Tun daren jiya na ga tambayarka, na kwana ina juya ta a raina. Ka ce ɗiyarka ta ci bak C a nan Tawa, ta kafe ita sai fizik a Yamai, baffanninta kuma sun taso ka gaba wai karatun maza ne, gara ta shiga makarantar ungozoma. Kana son sanin ko da gaske ne ana danne mata da ɗiyan talakawa a wannan fanni. Ni mace ce, na bi hanyar nan har na samu lisans, yau kuma fizik nake koyarwa a lise, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ana dannewa, Alhaji, sai dai ba a bakin ƙofa ake yi ba. Takardunta za su wuce kamar na kowa, ta zauna a anfi, wato babban ɗakin lacca, ɗaya da maza, a ba su jarrabawa iri ɗaya. Inda ake barin mutum a baya shi ne labo, ranar TP, ranar da ake ajiye alli a kama kayan aiki da hannu.

A shekarar farko mu huɗu aka haɗa a tebur ɗaya, ni kaɗai ce mace, osilo ɗaya gare mu, wannan na'ura mai ƙaramin gilashi da ke zana yadda lantarki ke hawa da sauka. Ranar farko ɗayansu ya miƙo mini kaye da bik, ya ce, "Ƴar'uwa, rubutunki ya fi namu kyau, ke ki riƙa rubuta mana." Wallahi har daɗi na ji. Haka muka ci wata huɗu: su ke haɗa waya, su ke murɗa maɓalli, su kira lamba in rubuta, in koma gida in tsara rahoto tsaf, mu samu maki mai kyau gaba ɗaya. Ranar jarrabawar TP kuwa kowa shi kaɗai ake tsayarwa. Aka zube mini rezistans da kondansater da janareta, ga wayoyi ja da baƙi, aka ce in haɗa in auna. Lissafin yana kaina daram, ko daga barci aka tashe ni zan zayyano shi. Amma hannuna bai san inda baƙar waya ke shiga ba. Na yi ta cirewa ina mayarwa, gumi na ɗiga a kan kaye, gilashin nan layi ɗaya ne a kwance ko motsi, har lokaci ya cika. Da na fito sai na ji wani a baranda yana cewa, "Ai dama mata sai hadda."

Maganar nan ta fi makin da na rasa ciwo, don ni kaina na kusa yarda da ita. Yaran ba mugaye ba ne, a ganinsu ma hutar da ni suke yi. Amma wata huɗu suna koyon hannu ina koyon rubutu, sannan aka zo aka auna mu da mudu ɗaya. A shekara ta biyu tun ranar farko na buɗe baki na ce karɓa-karɓa za mu yi, wanda ya rubuta yau, sati mai zuwa shi ke kan na'ura. An ɗan ɓata rai, bayan sati biyu kowa ya saba. Wannan ita ce magana ta farko da nake so ka faɗa wa ɗiyarka kafin ta hau mota.

Ba mata kaɗai abin ke ci ba. Yaron da ya taso a ƙauye, wanda bai taɓa ganin ma'aunin lantarki ba sai zanensa a allo, da shi da wanda ya fito daga makarantar kuɗi ta Yamai rana ɗaya suke farawa, amma ba daga wuri ɗaya ba. Ga kuma harshe. Mu da Hausa kalma ɗaya gare mu, nauyi, alhali fizik ta raba shi biyu: akwai yawan abin da ke cikin jiki, wanda ake aunawa da kilo, akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jan jikin da shi. Ko ka ce wa yarinyar da ta ɗauko tulu tun daga rijiya, wuyanta na ciwo, wai a lissafin fizik nauyin tulun bai yi aiki ba tunda hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. In ba a tsaya an warware mata da harshen da take tunani da shi ba, sai ta haddace Faransancin ta wuce, ramin kuma yana nan yana jiranta a gaba. Akwai wani ɗan ajinmu daga wajen Abalak, Faransanci harshensa na uku ne, kuma a lissafi babu mai kama ƙafarsa. Sau ɗaya ya ɗaga hannu a anfi, aka kwashe da dariya saboda yadda ya furta wata kalma. Bai sake tambaya ba, shekara ta biyu ba mu gan shi ba. Har yau in na tuna shi raina yakan ɓaci.

Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ɗan Tasawa ne, masanin fizik, ya ƙarar da rayuwarsa kan makamashin rana. Tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana jan hankali cewa a koyar da yaro da harshensa. Ni a ajina nakan faɗi abu da Faransanci saboda jarrabawa, in juya shi da Hausa, sai ka ga fuskoki sun washe. In baffanninta suka ce ai mata ba su cika yin fice a fizik ba, ka ce musu ko a Turai haka aka yi ta tare musu hanya. Marie Curie ta samu kyautar Nobel ta fizik a 1903, aka shekara 60 kafin wata mace ta sake samu a 1963, ta uku kuwa sai 2018. Ba ƙwaƙwalwa aka rasa a tsakanin nan ba.

Yanzu ga inda naka hannun yake, kuma a nan zan fi matsa maka, Alhaji. Masauki. Tawa da Yamai tafiyar fiye da kilomita 500 ce, ba za ka ga abin da take ciki ba. Fizik ba a cin ta daga anfi kaɗai. Bayan an tashi ne ɗalibai ke haɗuwa su uku su biyar su warware TD, wato tambayoyin gwaji da malamai ke bayarwa, su yi ta juya tsoffin tambayoyin jarrabawa da suka gada daga na gaba da su, sau da yawa har dare. Namiji yana nan zaune cikinsu. Ita kuwa in ka sauke ta gidan dangi, kafin magariba ana nemanta, ga girki, ga wanke-wanke, ga yaran gida, ta buɗe kaye ƙarfe goma sha ɗaya ido na rufewa. Ƙawata da muka fara tare a haka ta sare, ba wanda ya ce mata bari, gajiya ce ta cinye ta. In da hali ka nema mata ɗaki a wurin kwanan ɗalibai mata. In gidan dangi ne dole, ka je da ƙafarka ka zauna da uwar gidan, ku yi magana a fili cewa karatu ya kawo ta, a yanka mata aikin da za ta iya. Kada kuma ka jingina da bursi, yakan makara. Kuɗin taksi da na fotokofi su riƙa zuwa daga gare ka a kan kari, ko da kaɗan ne.

Zancen aiki ba zan ruɗe ka ba, yawancinmu alli muka riƙe, kuma ni ban yi nadama ba, lise da yawa a jihar nan na neman malamin fizik ido rufe. Amma ƙofa ba ɗaya ba ce. Ga tashar lantarkin rana ta Malbaza a nan kusa da mu, megawat 7, tun 2018, ga ta Goru Banda mai megawat 30 a bakin Yamai, ga ma'adinan yuraniyom na Arlit. Duk waɗannan suna buƙatar wanda ya iya awo.

Kafin ta tafi, ka sa ta yi wannan a tsakar gida. Ta samo zare mita ɗaya, ta ɗaure ƙaramin dutse, ta rataya a reshen dogon yaro, ta ɗan ja shi gefe ta saki. Ta ƙirga zuwa da dawowa sau 20 da agogon waya, za ta samu wajen daƙiƙa 40. Daga nan da abin da ta koya a aji za ta fitar da ƙarfin jan ƙasa da kanta, kusa da 9,8. Ta rage zaren ta sake, ta canza dutsen da wanda ya fi shi ta gani ko lokacin zai canza. Ƙannenta maza za su zo da gudu su ce a ba su zaren. Ka tsaya a wurin, Alhaji, ka ba su bik da takarda su rubuta mata. In kuma ka yarda, ka turo mini ita ranar Asabar, akwai ma'aunin lantarki da ƴan wayoyi a gidana, sai mu wuni tana haɗawa tana warwarewa.